Ƙoƙon Yayen Lantana

Bismillahi. Takarda daga hannun Malam Barmo a Tarka zuwa ga yayata, sanyin idona, Kaltuma, a Ollelewa. Gaisuwa da ban girma da bege. Ina gajiyarki, ina mutan gida, yaya kaka ta bana?

Bayan haka, Yaya, matata Salamatu ta samu ciki alhali 'yarmu Lantana ba ta isa yaye ba. Tsofaffi suka ce nonon ya ɓaci, aka cire ta. Da Inna na da rai, da ɗakinta aka kai yarinyar kamar yadda aka saba. Ga shi ba ta da kaka, sai kunun gero tsararo, ta kurɓa sau biyu ta kau da kai. Gashinta ya yi ja, cikinta ya yi gaba, ƙafafunta kamar sillen kara.

Kin tuna ƙoƙon Inna mai ɗinki a baki? Ba ta cika shi, ba ta kuma barinsa ya bushe. Da safe kunun gyaɗa da nonon jar akuyarta, da hantsi wake da ta murje da yatsa, da la'asar tuwo a dame cikin miyar kuka da man shanu. Ta kan ce cikin yaro ɗan tulu ne, kaɗan-kaɗan ake zuba masa. Na yi mata baiti:

Ƙoƙon Inna, kogin ƙuruciyata,
Kowa ya sha ka ya miƙe da ƙafa tasa.

Ina roƙonki ki aiko mini akuya mai nono daga jikokin waccan ja. Wassalam. Ƙanenki Barmo.

*

Zuwa ga Yaya Kaltuma, gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya.

Aghali mai raƙuma ya isar da saƙonki: wai akuya ba ta yaye, hannu ke yaye, kuma mai baiti bai san zafin kunu ba sai ya ƙona harshe. Na yi dariya, sannan na yi hawaye. Ga Lantana nan na aiko miki tare da gwaggon Salamatu. Tana tsoron zakara, tana son a yi mata waƙa kafin ta buɗe baki. Wassalam. Barmo.

*

Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa da godiya wadda takarda ba ta ɗauka.

Na iso Tarka lafiya daga wajenki. Salamatu ta sauka, namiji, kuma sai da na rantse mata cewa da idona na ga Lantana tana bin 'yan awaki da gudu, kumatu sun ciko, gashi ya koma baƙi. Abin da ban gaya mata ba sai ke: da na miƙa hannu, yarinyar ta ɓuya bayan zanenki, ƙoƙon nan mai ɗinki a ƙirjinta, tana kiranki Inna.

Na zo da niyyar ɗaukarta, kin kuwa gani na dawo ba tare da ita ba. Ki riƙe ta, Yaya. In ta ƙi ci, ki yi mata baitin nan nawa. Ko bai yi daɗi ba, ta san muryar gidansu.

Haza wassalam. Ƙanenki Barmo.