Fuskar da ke Waje

Zuwa ga maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka, ya yara? Inna ta samu sauƙi, har ta fara faɗa da masu jinya, amma likita bai sallame ta ba, don haka ina nan tare da ita. Na rubuto ne saboda duk lokacin da na ɗauko zancen nan a waya, nan take cajinka ke ƙarewa.

Auta ya gaya mini wani baƙo ya tambaye ka 'ya'yanka nawa, ka ce uku. Ni dai na san sau huɗu na yi naƙuda. Don Babba ta ajiye karatun likita ta kama aikin kafinta ka hana ta shiga gidanka, yanzu kuma ka cire ta daga lissafi? Ban yi mamaki ba. Tun muna ɗalibai kake da wannan ciwon.

Ka tuna ɗakin kwamfuta na ƙarƙashin bene, mai fanka ɗaya da ta fi iskarta ƙara? Malaminmu ya ba mu kejin kabon, ƙwayar zarra sittin da suka haɗu kamar ƙwallon ƙafa, ya ce kowa ya rubuta manhajar da za ta ƙirga fuskokinsa. Sai an baje kejin a takarda, ɗigo da layi, sannan manhaja ta bi layi tana karya kwana har ta dawo inda ta taso: fuska ɗaya ke nan. Masu gefe biyar dole su cika goma sha biyu, in ba haka ba kejin ba ya rufuwa. Taka kullum goma sha ɗaya take bayarwa. Ka zargi kwamfuta, ka zargi wuta, har littafin ka ce kuskuren bugu ne.

Ni ce na jawo kujera na nuna maka. Wajen baje kejin, fuska ɗaya ake buɗawa har ta zama farin filin da ya kewaye zanen duka. Ba ta ɓace ba, ita ce ma ta rungume sauran. Kai kuwa ka sa manhajarka ta riƙa jefar da ita, wai don ba ta cikin zane. Ka yi dariya har tabaranka ya faɗi. Daga ranar nake ce maka Sha-ɗaya, kai kana ce mini Sha-biyu. Wannan mutumin na aura, mai dariya idan an kama shi. Ina ka kai shi?

Kejin itacen da muka harhaɗa shekarar aurenmu yana nan a kan kabad, a karye. A kansa Babba ta koyi ƙirge, kana riƙe da ɗan yatsanta. Ka sauko da shi ka duba.

Ka gaishe da yara, duka huɗun in ka iya.

Matarka,
Sha-biyu

Zuwa ga maigida,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta daina kumburi. Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu kai ne surukin da ya fi kowa taurin kai.

Babba ta kira ni. Ta ce ka je shagonta da kejin a cikin leda, ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ka ce ka ji ana cewa akwai kafinta a nan. Ta ba ka kujera, ka ƙi. Da wannan ƙafar ka tsaya a rana har ta fere sababbin sanduna ta manna. Ka karɓa, ka ƙirga masu gefe biyar da yatsa, ka sake ƙirgawa, ka ce ya cika, ka juya ka tafi. Ko sannu da aiki babu.

Kada ka ɗauka na huce. Mutumin da ke iya yi wa ɗalibai lacca tun safe ya kasa haɗa jimla ɗaya ga 'yarsa. Ta tambaye ni me zuwan naka yake nufi. Na ce ta bar mini wannan, na daɗe ina gyara lissafin ubanta.

Yanzu kai ne a waje, Sha-ɗaya. Ba komai, ni manhajata ba ta taɓa jefar da ta waje ba. Ranar da aka sallami Inna zan dawo, kuma tare da Babba zan shigo. Ka sa Auta ya fito da faranti, ka ƙirga su da kanka. Shida ne.

Taka har kullum,
Sha-biyu