Zobona da bakin Yaya Sale

Daren Laraba, watan Rajab, Jurf.

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Yaya Sale ya dawo daga Italiya, na dafa masa zobo, na bar shi da ɗan baurinsa saboda naman ragon da aka yanka masa akwai kitse. Yana kurɓa sai cewa ya yi, "Kai! Sak jar giyarsu. Haka take kama harshe, da nama mai maiƙo suke shanta."

Baba ya ajiye kofi. Umma ta juye tukunyar duka a kwata, tana ce mini, "Ke, kwana nawa ya yi a rufe?" Halas, shi ke nan, wai kar in sake dafawa. Ni da ko warin giya ban sani ba!

Shi kuwa har nama aka ƙara masa. Ba wanda ya tambaye shi inda harshensa ya san giyar.