Harsashi Ta Cikin Farfela

Yaya Hassumi,

Wai ni ne karatu ya taɓa wa kai? Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna, ina su Zaituna? Ni lafiya, tamam. Mun koma unguwar Arba wa Nus, ɗakin ya matse, aikin guga ya ja baya, amma ana ci.

Na ji ka ce Baba ya mayar da ni gida, don na ce jirgin yaƙi yana harbi ta cikin farfelarsa. Ga abin da na karanta. A Yaƙin Duniya na Biyu, Spitfire na Ingila ya fara da bindiga takwas, duk a fukafukai, nesa da farfela. Messerschmitt na Jamus kuwa biyu na kan inji, saitin idon matuƙi. An haɗa su da injin, harsashi ba ya fita sai fiffiken farfela ya wuce. Khalas, ba aljani a ciki.

Kai malamin makaranta, ni mai guga. Kada a saya mini tikiti tukuna. A gaban Baba da 'yan majalisarsa ka yi maganar, to ran Juma'a in sun zauna, a can gabansu, ka faɗi inda na yi kuskure.

Ƙaninka,
Sharhabilu