Zakaran Tangaran na Léonce

Talata, 28 ga Afrilu, 1987
Léonce ya faɗo daga tsani, ƙafa ta karye. Garin me? Garin kafa sabon katako don jera tarkacensa. Shekara da shekaru mijin nan nawa yana tara tsofaffin kayan tallan kamfanonin giyar barandi: butoci, farantan tokar sigari, 'yan gangunan giya, duk na tangaran. Barandin ma likita ya hana shi sha. A asibitin garin Cognac tambayarsa ta farko: "Huguette, ba abin da ya fashe?" Na ce, "Sai kai."

Juma'a, 1 ga Mayu
An sallamo Léonce gida. Wai jibi za a fito da wata buta mai siffar zakara a kasuwar gwanjon Jarnac, ta kamfanin da marigayi babansa ya yi wa aikin ƙera gangunan barandi, wanda ya rufe tuntuni. Aristide mai kantin magani, abokin hamayyarsa, shi ma ya ji labari. Léonce ya ce, "Ki taimake ni, 'yar tsohuwata." Na ce ko a mafarki. Ya juya wa bango fuska, ya ƙi shan miya. Mutum da furfurarsa!

Asabar, 2 ga Mayu
Har yanzu bango yake kallo.

Lahadi, 3 ga Mayu
Na je. Zakaran mummuna ne, ido ɗaya ya goge. Ina kama wuyansa, Aristide ya cafke wutsiya. "Madam, me kika sani game da tangaran?" Na ce, "Na san yana fashewa, kuma ni ba zan saki ba." Mutane suka taru, mai kayan sai salati irin nasa yake yi. Ban taka ƙafar Aristide da gangan ba. Ba sosai ba dai. Ya saki.

Litinin, 4 ga Mayu
Léonce ya rungume zakaran yana hawaye. Ni rabona da irin wannan runguma tun ranar aurenmu. Ya ce irin wannan butar ce a teburinsu yana yaro, shi yake cika wa babansa ita da ruwa. Na fita duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Lahadi, 10 ga Mayu
Burodi na fita saye. Ban san yadda mota ta kai ni gwanjon Segonzac ba. Aristide na hango ni ya canja layi. Na samu wani farantin toka mai kamar ganyen inabi, ba ko tsaga. Da na dawo gida Léonce ya miƙo hannu, ido na ƙyalli. Na ce, "Kul! Wannan ba naka ba ne."

Shirme ne, na sani. Shuɗinsa ne kawai ya dace da tagar kicin.