Zaren da Likita Ta Bari

Kawo, Kaduna

Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Inna.

Na san kin yi fushi da ban zo sunan 'yarki Shamsiyya ba. Ina asibiti ne. Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, yara na jin komai. Tun da na haifi Umar, in na yi tari ko atishawa ko dariya, sai fitsari ya ɗan kufce mini. A aji ma na daina ɗaga murya ga ɗalibai. Yanzu an yi mini aiki. Likitar ta sa wata siririyar raga ta tallafe hanyar fitsarin, kamar majanyi a ƙarƙashin goyo. Ta bar zare a waje, wai don gyara.

Ki gaida Inna.
Ƙanwarki, Sa'adiya

Rigachikun

Sa'adiya,

Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Fushi kam na yi, amma ya wuce.

Ke, zare kuma? Kamar mazagin wando? A ina ya fito? Wa ke jan sa, ke ko ita? In an ja da yawa fa? Shi ne yoyon fitsarin da ake faɗa a rediyo? Kuma alwala tana zama yanzu har a idar da salla? Wannan ta ƙarshen ki amsa ta da kyau, don Allah.

Yayarki, Kulu

Kawo, Kaduna

Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa, wasiƙarki ta sa ni dariya, kuma ban tashi canza zane ba.

Ba yoyon fitsari ba ne. Wancan ɓulewa ce, nawa kuwa naman da ke riƙewa ne ya saki. Zaren a ƙasan mara ya fito, an rufe shi da auduga. Bayan aikin ta sa na sha ruwa sosai, ta ce, "Malama, miƙe ki yi tari." Na yi, ya ɗiga. Ta ɗan ja. "Ƙara." Na ƙara, shiru. Sai ga wata matsalar: na shiga banɗaki, fitsarin ya ƙi fita sai da ƙyar. Na tsorata ƙwarai. Ta ce ya matse ne, ta sassauta kaɗan. Da ya daidaita ta cire zaren. Ta hana ni ɗaukar abu mai nauyi tukuna, kuma ta ce ba kowa aikin ke yi wa daidai ba, sai an duba mutum.

Alwala kuwa, jiya da ta la'asar na yi magariba.

Amma Yaya, yaushe kika fara yawan tambaya haka?

Taki, Sa'adiya

Rigachikun

Sa'adiya,

Ni ce Innarki, Kulu ke rubuta mini. Tambayoyin nawa ne, ni na sa ta karanta mini takardarki.

Tun haihuwarki nake da abin nan. Shi ya hana ni zuwa masallaci lokacin azumi, shi ya hana ni zama a gidan biki, kuna ta cewa ba na son mutane. Ban san ana gyara shi ba.

Ki tambayar mini likitar taki ko tana duba tsofaffi. In ta yarda, ki turo mijinki ya ɗauke ni. Ki ce masa ido za a duba mini.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki