Amsata Ga Hassan Kan Tafiyata Zanzibar

Zuwa ga ɗan'uwana Hassan, a Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar waɗanda suka kwanta ciki ɗaya, da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ina kuma yi maka sannu da aiki, tunda duk ranar da aka neme ka, aiki ne ya sha kanka.

Ni ce Usaina, wadda ka riga fitowa duniya da abin da bai kai a tafasa ruwan shayi ba, kuma saboda shi kake so in riƙa ce maka Yaya. Na ga abin da ka rubuta a shafinka ranar Juma'a a kan matan zamani masu ɗaukar jaka su tsallaka teku ba muharrami. Ba ka kama suna ba, amma kafin la'asar an turo mini shi ta ko'ina, har da matan unguwa da ba su cika gaishe ni ba. Tunda a gaban jama'a ka zaɓi mu yi maganar gida, to ga amsarka a gaban jama'a.

Gaskiya ne abin da ka ji. Idan muka rufe makaranta a ƙarshen zangon nan, zan tafi tsibirin Zanzibar, can gabashin Afirka, in Allah ya yarda. Ni kaɗai. Ba taro aka tura ni ba, ba magani zan je nema ba, ba sari zan yi ba. Teku zan je gani, in kwanta in yi barci.

Bari in gaya maka inda abin ya samo asali, domin da ka tambaya da na gaya maka tuntuni. Akwai wata da muke koyarwa tare a makarantar 'yan mata a nan Dutse, Madam Rifkatu, 'yar Filato. 'Yar yayarta tana aikin jinya a can Zanzibar, ta gayyace ta, ta je ta dawo. A ɗakin malamai ta miƙo mini wayarta ina ta wuce hotuna. Ruwa ne mai wani launi da ban san sunansa da Hausa ba, ga jiragen katako masu ƙyalle, ga mata sanye da hijabi suna tsintar wani abu a bakin gaɓa. Ta ce kullum kiran salla ne yake tashinta kamar tana Dutse, sai ta juya ta koma barci har rana ta take, ba wanda ya kira sunanta. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta zauna mini. Lokacin Inna tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ni kuma na manta yadda ake barci da kunne biyu.

Ka san Inna ta yi jinya, domin ka sha rubutawa a shafinka kana neman a taya ka addu'a. Abin da ba ka sani ba shi ne nauyinta. Ba ka taɓa sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarta ka juya ta ba. Ba ka san yadda ake ɗura kunu da cokali a gefen bakin da yake motsi ba, a jira, a goge, a sake. Ba ka san ta tsani a wanke ta da rana ba saboda kunyar a ga jikinta, ko da 'yarta ce. Shekara da shekaru haka muka yi, in je aji in dawo a guje a bayan ɗan acaɓa, in tarar tana kallon ƙofa.

Mijina na lokacin, Malam Sani, ya yi haƙuri da ni a Kafin Hausa iya haƙurinsa. Gida ba mace, ni ina Dutse, yau ana cewa da sauƙi, gobe jiki ya rikice. Daga baya ya sawwaƙe mini, kuma har yau ban riƙe shi a raina ba. Kai kuwa da aka gaya maka aurena ya mutu, cewa ka yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, ka ce za ka kira ni idan ka fito daga taro.

Duk lokacin da likita ya ce a kawo ta asibiti a Kano, ni nake zuwa tasha in roƙi direba ya shigo da mota har ƙofar gida. Yaran mota ne suke kama mini ita. In zauna a baya, kanta a cinyata, mu kama hanya, in kwana a barandar asibiti cikin mutanen da ban sani ba. Ban taɓa jin ka aiko da saƙo kana tambayar wane ne muharramina a kan hanyar Kano ba. Kada ka ɗauka ina wasa da maganar muharrami, addinina ne, kuma na je na tambayi waɗanda suka fi ni da kai sani kafin in yanke shawara. Bakin da maganar ta fito nake rainawa.

Ba zan ce ba ka yi komai ba. Ka aiko da kujerar marasa lafiya mai taya, mai kyau ƙwarai. Sai da ka sa hotonta a shafinka aka yi ta sa maka albarka, sannan ta iso gida. Da ta iso ta ƙi shiga ƙofar ɗakin Inna, domin ka daɗe ba ka shiga ta ƙofar ba balle ka tuna faɗinta. A zaure ta ƙare, kaji suna hawa.

Idan ka zo da salla, a bakin ƙofa kake tsugunawa, waya a hannu, hankici mai turare kusa da hanci. Ka ce, "Inna, jiki ya yi kyau," ka miƙe. Ranar da ta rasu kuma, an dawo daga maƙabarta kafin motarka ta shigo gari. Amma a zaman makoki ba wanda ya kai ka kuka. Babbar riga ta sha guga, kana share hawaye da ita, mutane suna cewa ɗan nan ya so uwarsa. Ni ina bayan ɗaki ina wanke zannuwanta na ƙarshe, ina jin muryarka ta kan katanga.

To wannan mutumin ne ya turo mini saƙon murya da ya ji na yi fasfo. Na saurare shi har ƙarshe. Ka ce za a zage mu, ka ce bazawara ba ta yawo, ka ce kai ne uba a gidan yanzu. Duk wannan dariya ya ba ni. Amma da ka rage murya ka ce in gaya maka gaskiya, wa ya biya mini, kuma wa yake jirana a can, sai da na zauna a bakin gado. Albashina ne, Hassan. Gumina ne. Kai da ka san ni tun kafin a yanke mana cibiya, abin da ka iya tunani a kaina ke nan.

Da ka ga ban amsa ba sai ka kai ƙarata wurin Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, a Taura. Ya aiko in zo, na je ranar Asabar. Na same shi a rumfar ƙofar gida ana auna masa shinkafar da aka sheƙe. Bai ji daɗin maganar ba, kuma bai ɓoye ba. Ya tambaye ni ko mutanen wurin suna salla, na ce akasarinsu Musulmi ne. Ya tambayi wa zai tare ni, na ce 'yar yayar Madam Rifkatu za ta zo filin jirgi ta kai ni masauki, gidan wata dattijuwa da take saukar da baƙi a tsohon gari, masallaci yana bayan gidan. Ya tambayi abin da zan je yi. Na ce, Baffa, hutawa. Ya daɗe yana kallona kamar na yi masa wani yare.

Sai ya ce in kira ka in buɗe muryar kowa ya ji. Ka tuna yadda ka ɗauka da karsashi, kana ta ranka ya daɗe, ka sake karanto duk abin da ka turo mini, har da ƙari. Baffa ya bari ka gama, sannan ya ce, "Hassan, maganarka tana kan hanya. Bai kamata ta tafi ita kaɗai ba. Sai ka shirya ka raka 'yar'uwarka."

Daga nan ka fara: wata ne mai cunkoso a ofis, maigidanka zai yi tafiya, yara za su yi jarrabawa. Can sai ka ce ba ka ji sosai, layin yana yankewa. Mu dai muna jin ka tangaram, har da ƙarar talabijin ɗin falonka.

Baffa ya miƙo mini wayar. Ya koma kan shinkafarsa, na zaci ma ya manta da ni. Sai da na tashi zan yi sallama ya ce, "Ni dai ban so ba, Usaina. Amma ba ni da bakin hana ki. Ki riƙe sallarki, in kin sauka ki kira ni." Ya sa aka ɗaura mini shinkafa a ƙullin leda, na hau mota na dawo.

Ba ka sake kiran Baffa ba, ba ka kira ni ba. Shafinka ka nufa, inda ba a ce wa mutum ya zo ya raka kowa.

Tunda ka damu da ni haka, ga inda shiri ya kai. Biza ta fito. An yi mini allurar rigakafin ciwon shawara, hannun ya kumbura har ya saɓe. Daga Kano zan tashi, in sauya jirgi a Addis Ababa, kuma Madam Rifkatu ta zaunar da ni ta yi mini bayanin filin jirgin nan kamar tana koyar da 'yan aji ɗaya. Telata ta ɗinka mini doguwar riga da wando na yadi marar nauyi saboda shiga ruwa, tana ɗinki tana dariya, wai ba ta taɓa yi wa kowa kayan wanka a teku ba. Ina koyon gaisuwarsu a waya. Ashe labari suke ce wa habari, sabulu kuma sabuni. An ce akwai gonakin kanumfari da ake kai baƙi su gani, zan je in ga yadda bishiyarsa take, ni da na ƙare ƙuruciyata ina daka wa Inna shi a yajin kunu. Zan tafi wa dattijuwar da dabinon Dutse, kada in shiga gidan mutane hannu sake.

Ina jin tsoro, in wannan zai faranta maka. Ban taɓa shiga jirgi ba. Ban san yadda mutum yake cin abinci shi kaɗai a cikin baƙin mutane ba. Wani lokaci ina cikin ninke kaya sai in ji kamar ana kirana daga ɗakin Inna, in saki abin da ke hannuna. Kuma har yau ina tsoron ruwa.

Kai ka fi kowa sanin wannan. Ka tuna damina a Taura muna firamare, ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninmu da makaranta, na tsaya a bakinsa ina kuka, yara suna yi mini dariya. Kai da ka riga ka haye, ka dawo, ka ɗora littattafanmu a kaina, ka goya ni. Ruwan ya kai maka ƙirji, ina jin ƙafafunka suna santsi a laka, kana cewa in rufe ido in riƙe ka da kyau. Duk daminar nan haka ka yi, ba ka taɓa faɗa wa kowa a gida ba don kada a tsokane ni. Na yi kewar yaron nan. A shekarun jinyar Inna, sau da yawa shi nake kira idan na danna lambarka, sai wani Alhaji mai yawan taro ya ɗauka.

Inna ba ta taɓa faɗin aibinka ba, ka kwantar da hankalinka. Ko da harshenta ya yi nauyi, sunanka yana cikin kalmomin da suka rage mata. Idan ta ji ƙarar mota a layi sai ta ɗaga gira ta ce, "Hassan." In ce mata yana hanya, Inna. Ta gyaɗa kai ta gamsu.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi Zanzibar muhimmanci a wurina. Ni mace ce, ranar da aka ɗauki gawar Inna a bakin zaure na tsaya. Ban san inda aka kwantar da ita ba, kai ma ba ka sani ba. Baffa ya sani, shi ya shiga ramin ya karɓe ta, ga shi ƙafa ta fara gaza masa, ido ma yana raguwa. Ka zo ka ɗauke shi a motar nan taka ya nuna maka tun yana iya ganewa. Ka tsaya a kanta ka yi mata sallama, ka ce mata Usaina tana gaishe ta. Ka bar wayarka a mota. Wannan ce tafiyar da ba zan iya yi ba sai da kai.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haskaka kabarinsu, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Allah ya raya maka 'ya'yanka, ya sa ranar da ƙarfinka ya ƙare su shigo har cikin ɗaki su zauna kusa da kai. Ni kuma Allah ya kai ni lafiya, ya dawo da ni lafiya.

Wassalam.

'Yar'uwarka,
Usaina,
Dutse.