Mai Katin Ƙwallo Ya San Ƙyauren Gidanmu

Salamu alaikum mutanen wanga zaure. Ni tsohuwa ce a Ƙofar Rini, ban yi boko ba, da baki na faɗa admin ta rubuta ta sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yake ban saba roƙonta ba, wurina ake zuwa nema.

Ina da jika saurayi, ya gama sakandare, ubanshi ɗana ne mai fataucin shanu. Yaron nan katin 'yan ƙwallo yake tarawa, 'yan kwalaye masu hoto, ya saya ta waya a aiko mishi tasha. Ɗan wasa guda sai ka ga katinshi kala-kala, wani fari wani mai ƙyalli, ya ce akwai mai ruwan zinare wanda ba kowa ke da shi ba, shi ya hana shi sukuni.

Sai ga wani mai sayarwa ya ce yana da shi. Mutum mai ladabi, duk sanda ya kira yaron sai ya ce a ba Inna su gaisa. Ni kuwa in aka taɓo mini labari ba ni da birki. Ya tambayi asalinmu na jero mishi tun kakanni, na faɗi garkenmu, da kasuwannin da ɗana ke ci, da ranakun da ba ya kwana gida. Shi dai sai ma sha Allah Inna, ƙaro mini.

Yanzu ya ce wanga kati ba a ba direba, kada ya lanƙwashe, sai yaron ya je da ƙafarshi ya karɓa a wani ƙauye bayan gari, shi kaɗai. Ranar da ya sa kuwa ita ce ranar da uban ba ya gari. Jiya da muka gaisa da mai katin har da tambayata ko an gyara ƙyauren zaurenmu da ya lalace. Wallahi ban taɓa yi mishi zancen ƙyaure ba, yaron ma ya rantse bai faɗa ba.

Na hana yaron, ya ce tsufa ke sa ni tsoro, har ya zuba wa babur mai. In kuwa na gaya wa uban, dole in ce ni na kwance wa baƙo sirrin gidanshi, ni da kullum nake wa matan gida faɗan sakin baki. Jama'a in ɓoye makullin babur in kama bakina, ko in zubar da girmana in kira ɗana tun bai kama hanyar kasuwa ba? Jibi ce ranar.